Yadda ake shirya tsohuwar guntuwar mota mai zafi ta yi titi ta yi filin tsere

Motar da ake magana a kanta ita ce guntuwar nan mai ƙofar baya da ke ɗagawa sama tare da gilashinta, wadda tayoyin gaba ke ja, aka ɗora mata injin da ya fi na 'yan uwanta ƙarfi. Volkswagen Golf GTI ta 1976 ce ta yi wa wannan jinsi suna, sai Peugeot 205 GTI a 1984, daga baya Peugeot 306 GTi-6, Renault Clio 172 da 182, Honda Civic Type R samfurin EP3 na 2001, da Golf GTI ta biyar mai turbo da ta fito a 2004. Ko ƙaramar cikinsu ta haura shekara 15 a duniya, wasu ma sun ba 30 baya.

Zafi ne ke kayar da irin wannan mota a filin tsere. A titi kana taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ya samu mintuna yana hucewa. A fili kuwa kana taka shi daga babban gudu sau shida ko bakwai a kowane zagaye, minti 20 ba hutu. Man birki, baƙin mai, ruwan lagireto da robar taya duk sai su kai zafin da ba su taɓa gani ba tun fitowarsu daga kamfani. Saboda haka aikin yana da jeri, kuma jerin ba a tsallake shi: lafiyar mota, birki, taya, ƙafafu, mai da sanyaya, kariyar direba, sannan ƙarin ƙarfin inji a can ƙarshe.

Fara da ƙasan mota

Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe guda huɗu. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka ɗauki fitila da sukudireba ka bi wuraren da tsatsa ke ɓuya: dogayen ƙarafan gefe da ke ƙarƙashin ƙofofi, inda kan shokozoba ke zama a ɗakin inji, inda aka ɗaure gadon inji da gatarin baya a jikin bodi, ƙasan but, da bututun birki na ƙarfe. Duk inda sukudireba ta huda, yankewa za a yi a yi waldar sabon ƙarfe. Shafa fenti ko kwalta a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ɓoye ciwo ne. In tsatsa ta ci inda ƙafafu ke ɗaure, gara ka nemi wani bodin, domin taya mai kama ƙasa da sifirin mai tauri duk a nan suke sauke ƙarfinsu.

Sai awon matsin silinda. A ɗumama inji, a cire fulogogi duka, a cire fis ɗin famfon fetur, a danne totur har ƙasa, a juya inji ana karanta ma'auni silinda bayan silinda. Bambanci tsakaninsu bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne ya ci. In ba ta motsa ba, a duba bawul ko gasket.

Kowace mota da nata lagon. Injin F4R na Clio 172 da 182 yana da bel ɗin tayimin da fulinsa ba su da kili, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a sandarsa, ɗauri kawai ke riƙe su, don haka ba a taɓa shi sai da ƙarafan kulle inji na musamman. Haka kuma fulin da ke sauya lokacin buɗe bawul yakan fara ƙara kamar injin dizal idan ya yi zafi, kuma tare da bel ake canja shi. Golf GTI ta biyar tana da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe tsakanin kamshaf da famfon fetur mai matsi. Yakan cinye ya huje, daga nan ya ci kamshaf ɗin. Ƙaramin abu ne, a ciro shi a duba. EP3 sarƙa take amfani da ita maimakon bel, amma tana son a auna tazarar bawul. A 205 da 306 kuwa ka tsaya bayan mota ka kalli tayoyin baya: in saman su ya karkata ciki, ko kana jin ƙiƙir-ƙiƙir a gargada, boris ɗin cikin gatarin baya ya mutu, sai an kwance gatarin an sake gina shi.

Duk motar da ba ka da takardar ranar da aka canja mata bel ɗin tayimin, ɗauka ba a canja ba. Ka canja shi da abin ɗaure shi, ka canja baƙin mai, man giya, ruwan lagireto, fulogogi, matatun iska da na fetur, da duk wani tiyon fetur da ya bushe ya tsattsage. Ka kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama: motsin farko boris ne ko boljoyin, na biyu tayirod. Robar shaf da ta yage za ta watsar da giris cikin zagaye biyu.

Birki

A nan ya kamata mafi yawan hankalinka ya tsaya.

Man birki yana shan danshi daga iska, kuma danshin nan shi ke sauko da zafin da yake tafasa. Man birki mai lambar daraja DOT 4 sabo, mafi ƙarancin zafin tafasa da ƙa'ida ta yarda shi ne digiri 230 na Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yakan sauko har 155. DOT 5.1 kuwa 260 ne sabo, 180 da danshi. Akwai na tsere irin su Motul RBF 600 da Castrol SRF da ke haura digiri 300 suna sabbi, su ne suka dace da wannan aiki. DOT 5 kuma, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a gaba, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada ya shiga motarka. Lita ɗaya ta isa wanke layin duka. Mota mai shiga fili a canja mata mai aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma ɗan fitar da kaɗan daga kowace taya kafin kowace fita.

Ga yadda ake yi. Tun daren jiya a fesa wa notocin fitar da iska man sassauta tsatsa, domin a tsohuwar mota sukan karye, kuma a kama su da sufana mai kusurwa shida wadda ba ta zamewa. A tsotse tsohon man da ke kwalbar sama, a cika da sabo. A fara da tayar da ta fi nisa da babban famfon birki, sai dai in littafin motar ya ba da wani jerin. Mutum ɗaya yana danna feda, ɗaya yana buɗe noti da siririn tiyo mai haske da ya shiga kwalba, a rufe kafin a saki feda. A ci gaba har sabon mai ya fito ba kumfa. Abu biyu a kiyaye. Kada kwalbar sama ta ƙare, musamman a mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa wajen taka birki, don iskar da ta shiga akwatinsa fitar da ita aiki ne. Sannan a sa ɗan katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa: a tsohon famfo, can ƙarshen silinda inda fistin bai saba zuwa ba akwai tsatsa, ita ce ke yage roba, sai ka gama aiki ka tarar birki ya fi da lalacewa.

Tiyon birki na roba da ya tsufa yana kumbura idan mai ya yi zafi. A maye gurbinsu da masu saƙar ƙarfe a jiki, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba sa gogar taya kuma ba sa miƙewa tamau.

Takalmin birki na yau da kullum yana ƙonewa a zagaye na uku ko na huɗu. Na tsere zalla kuma ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, ga kuka, ga cin faifai, don haka bai dace da titi da sanyin safiya ba. Abin nema shi ne na tsaka-tsaki, irin su Ferodo DS2500. A gaba ake sa mai ƙarfi. A baya a bar na kamfani mai kyau, domin bayan irin wannan mota ba shi da nauyi, in ya kama fiye da kima tayoyin baya za su kulle kafin na gaba, mota ta juya. Faifai kuwa, lafiyayye mai santsi daga kamfanin kirki ya wadatar. Masu huji-huji suna da kyan gani, amma daga bakin hujin suke fara tsagewa idan zafi ya yi yawa. Akwai lambar mafi ƙarancin kauri a rubuce a gefen kowane faifai, a auna. Muƙamuƙin da ke matse takalman, wanda makanikai ke kira kalifa, a kwance shi a wanke sandunan da yake zamewa a kai, a shafa musu giris mai jure zafi, a canja robobin fistin in sun tsage.

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. A hanyar da ba kowa, taka birki da ƙarfi daga gudun kilomita 100 zuwa 15, ba tare da tsayawa cak ba kuma ba tare da kulle taya ba, sau 8 zuwa 10 a jere. Sannan ka yi tafiyar minti 10 kusan ba ka taɓa birki, ya huce. Wannan ne ke shimfiɗa siririn ɓawon takalmi a fuskar faifai daidai wa daida. Girgizar da ake ji a sitiyari wajen taka birki, wadda ake cewa faifai ya lanƙwashe, sau da yawa ɓawon nan ne ya taru wuri ɗaya saboda an tsaya da ƙafa a kan birki mai zafi.

Ka san bambancin gazawar birki iri biyu. In feda ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa. In feda na nan da taurinta amma mota ta ƙi tsayawa, takalmi ne ya wuce zafinsa. Maganin duka biyun, kafin a yi maganar manyan faifai, shi ne iska: tiyo mai faɗin milimita 50 zuwa 75 daga ramin fitilar hazo a bamba zuwa tsakiyar faifai ta baya, a ɗaure shi inda taya ba za ta kama shi ba. Mota mai nauyin tan ɗaya da mai mai kyau, takalmi mai kyau da iska, ba kasafai take buƙatar fiye da haka ba.

Taya da wili

Duba shekarun taya kafin zanenta. A gefe, bayan harufan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara 5 ko 6 robarta ta bushe, ko da zanen na nan.

Sabon shiga ya fara da tayar titi mai kyau ta gudu. Tana kuka kafin ta saki, tana sakewa a hankali, a nan ake koyon mota. Taya mai ƙarancin zane, wadda lambar juriyar cinyewa (treadwear) da ake rubuta mata a gefe take 200 ko ƙasa, ta fi kama ƙasa nesa ba kusa ba, amma tana sulɓi a ruwan da ya kwanta a hanya, tana gajiyar da boris da bushin, tana kuma jawo matsalar baƙin mai da za a zo kanta. Babban wili ba shi ne ci gaba ba. Inci 15 mai sauƙin nauyi da taya 195/50 ya ishi mota irin 205, Golf ta biyu ko Clio, matuƙar ya wuce kan birki.

Kafin sayen wili a duba abu huɗu: tsarin ramukan noti (4x100 a Golf ta biyu da Clio, 4x108 a Peugeot, 5x114.3 a EP3, 5x112 a Golf ta biyar), lambar ET da ke nuna yadda wili ke shiga ciki ko fitowa waje, faɗin ramin tsakiya, da siffar mazaunin noti. Na ƙarshen nan ake yawan mantawa. Wilin Volkswagen na kamfani mazauninsa kewayayye ne, yawancin na kasuwa kuwa tsini ne mai kusurwar digiri 60, kuma notin wancan a wilin wannan kwancewa yake yi. Noti mai kaurin milimita 12 ya shiga aƙalla juyi 7 zuwa 8. A ɗaure da sufana mai awo gwargwadon littafin mota, yawanci tsakanin Nm 90 da 120 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma wili na sanyi.

Ƙafafu

Kafin sabon abu, a mayar da ƙafafun yadda suka fito daga kamfani: bushin, boljoyin, tayirod, kan shokozoba. Bushin na foliyuritan yana rage wasa, a sa shi a hannun ƙasa na gaba da sandar hana tangaɗi, a shafa masa giris ɗin da ya zo da shi don kada ya yi kuka. In na roba aka mayar, kada a ƙarasa ɗaure kusoshinsa sai mota na tsaye a kan tayoyinta. Wanda aka ɗaure taya na rataye, murɗaɗɗe yake zama tun ranar farko, ba ya daɗewa.

Shokozoba mai kyau da sifirin da ya dace da ita sun fi saitin mai zare na araha, araha dai ba ta ado. Sauke mota milimita 25 zuwa 35 ya isa. In aka zarce, hannun ƙasa yakan ɗago ta wajen taya, motar ta ƙara kwanciya a kwana maimakon ta rage, sitiyari ya riƙa fizga da kansa a gargada, shaf ya yi aiki a karkace, shokozoba kuma ta riƙa dukan ƙarshenta. Ka leƙa ta gaba: hannun ƙasa ya kasance a kwance daidai da ƙasa, ko ɓangaren taya ya ɗan fi sauka. Akwai kuma tarko a wasu tsofaffi irin su Golf ta biyu: bawul ne a gatarin baya da ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi. In ka sauke mota, shi a ganinsa lodi ne, sai ya ƙara. Dole a sake saita shi.

Halin mota mai jan gaba shi ne ta ƙi shan kwana, gaba ya zarce waje. Sandar hana tangaɗi mai ɗan kauri a baya tana rage wannan. A bi a sannu fa, domin motoci irin 205 GTI sun yi suna wajen wulga baya idan aka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, kuma sanda mai kauri tana ƙara musu wannan hali. In mai ramukan saiti ce, fara da mafi laushi.

Alayimen shi ne gyara mafi amfani bayan birki da taya. Ga mota mai yin titi da fili, tayoyin gaba su karkata ciki ta sama da digiri 1.5 zuwa 2, ta kusoshi na musamman ko kan shokozoba mai saiti. Duban tayoyin gaba ya zama sak, ko su ɗan buɗe waje da jimillar milimita 1. Na baya su ɗan dubi ciki kamar yadda kamfani ya tsara, kada su taɓa buɗewa waje. Abin da ke cinye cikin taya a titi yawanci buɗewar nan ce in ta yi yawa, fiye da karkatar. A yi awon da rabin tanki da nauyin direba a kujera. Taya da kanta za ta gaya maka sakamako: da ka shigo daga fili, auna zafinta a ciki, tsakiya da waje. Ciki ya ɗan fi waje zafi da digiri 5 zuwa 10, daidai ne. Waje ya fi zafi, karkata ta yi kaɗan. Tsakiya ya fi duka biyun, iska ta yi yawa.

Baƙin mai da ruwa

A doguwar kwana mai gudu, baƙin mai yakan gudu gefe ɗaya na tukunyar da ke ƙasan inji, bakin famfo ya shaƙi iska. Daƙiƙa biyu ko uku a haka inji na ihu sun isa su cinye metal. Da tayar titi abin bai cika faruwa ba, da taya mai kama ƙasa sosai kuwa haɗari ne na gaske. A cika mai zuwa layin sama kafin kowane zango, wato kowace shiga fili, a duba bayan kowane zango, kuma kafin a sa irin wannan taya a sa wa tukunyar shingayen ƙarfe a ciki masu tare mai kusa da bakin famfo. Fitilar mai ta kamfani ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, don haka a sa agogon matsi da na zafi. Ƙiyasin da makanikai ke bi shi ne matsin bar 0.7 ga kowane juyi 1,000 na inji a minti. Zafin mai tsakanin digiri 100 da 120 lafiya ne. Ya haura 130, sassauta ka yi zagayen hucewa. In kullum yana kaiwa can, a sa masa nasa ƙaramin lagireto, amma mai tamostat da ke buɗewa a wajen digiri 80, in ba haka ba mai ba zai yi ɗumi ba a titi.

Lagireton da ya shekara 20 ya toshe ta ciki ko da ba ya yoyo. A canja shi da murfinsa, tamostat da tiyoyi, a tabbatar fanka na tashi.

Kujera, bel da nauyi

Kujerar tsere mai riƙe ƙugu tana ƙara iya tuƙi fiye da yadda ake zato, don ka daina riƙe jikinka da sitiyari. A ɗaure ta a ƙarafan da aka ƙera don motar, da kusoshi masu lamba 8.8 ko sama. Amma kujera, bel mai madauri da yawa, kejin ƙarfe mai kare direba in mota ta kife, da hular kwano abu ɗaya ne, ba a ɗaukar rabi. Bel mai madauri huɗu yakan bar mutum ya zame ta ƙasa a karo, mai shida ya fi. Madaurin kafaɗa ya tafi baya a kwance, ko ya sauka da abin da bai wuce digiri 20 ba. Wanda aka ɗaure a ƙasan mota bayan kujera yana danne ƙashin baya a karo. Cikakken keji kuma, a titi inda ba a sa hular kwano, ƙarfe ne kusa da kai. Ga mota mai aiki biyu, ko dai a bar bel na kamfani yadda yake, ko a sa rabin keji a baya tare da cire kujerun baya, a bar bel na kamfani don titi. Hular kwano ta kasance mai shaidar Snell ko FIA, hukumomin da ke tantance ingancin hulunan tsere. A sa abin kashe gobara mai kilo 2 a maƙalin ƙarfe inda hannu zai kai, da ƙugiyar ja gaba da baya.

Rage nauyi kyauta ne. Mota mai kilo 1,000 da ƙarfin doki 130, in ta sauke kilo 100, daidai yake da ƙarin doki 14, ga sauƙi ga birki da taya. Safaya, jak, kujerun baya da tarkace su fara fita. A bar hita da fankarta, su ke share hazo daga gilashi.

Sai ƙarfi

Kafin ƙarin doki, a duba ko wanda ake da shi yana kaiwa ƙasa. A fitowa daga kwana tayar gaba ta ciki takan yi sauƙi ta juya a banza. Difarenshal mai taƙaita sulɓi, irin mai haƙora na Quaife, yana tura ƙarfin zuwa tayar da ke kama ƙasa, ba shi da ƙara a titi kuma ba ya neman wani mai na daban. EP3 da aka sayar a Japan da irinsa ta fito, ta Turai kuwa babu. Tunda sai an sauke giya, a canja kuloci a lokaci guda. Robobin da ke riƙe inji in sun saki, su ke sa tayoyin gaba tsalle wajen tashi, tsallen nan kuma shi ke karya shaf.

Injin da ba turbo ba ya ba da riba mai yawa: salansa, matatar iska da sake saita kwamfutar inji da ƙyar su kawo kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Buɗaɗɗiyar matata da ke shaƙar iskar ɗakin inji mai zafi ma rage ƙarfi take yi, akwatin kamfani da sabuwar matata ya fi ta. Mai turbo daban ce: Golf GTI ta biyar takan tashi daga doki 200 zuwa wajen 240 da saitin kwamfuta kaɗai, amma tare da ƙarin zafi da nauyi a kan kuloci. Kada a cire matatar hayaƙi ta salansa, dokar titi a ƙasashe da yawa ta hana. Filayen tsere kuma suna auna ƙara, da yawa iyakarsu tsakanin dasibel 98 da 105 ce, wanda ya wuce ba ya shiga. A sanar da kamfanin inshora duk gyaran da aka yi, a kuma san cewa inshorar titi yawanci ba ta biyan abin da ya faru a fili.

Ranar fita

Takalmin birki ya kasance da fiye da rabin namansa, ka riƙe wani saitin na gaba a but. Kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota, har tabarmar ƙafa. Fara da iskar taya bar 1.9 zuwa 2.0 tana sanyi. Za ta hau da 0.3 zuwa 0.5. Abin nema shi ne 2.2 zuwa 2.4 tana da zafi, wato psi 32 zuwa 35, don haka auna da zarar ka shigo ka rage abin da ya wuce. Zagayen farko na ɗumama ne. Minti 15 zuwa 20 ya isa zango ɗaya, zagayen ƙarshe kuma a yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, takalmin baya zai manne a faifai mai zafi. Tare taya, ko ka sa giya bayan ka kashe inji. Buɗe bonet, bar inji ya yi minti biyu yana aiki, musamman mai turbo, kuma kada ka taɓa murfin lagireto. Idan wili ya huce, sake bin notoci da sufana mai awo, duba mai, leƙa takalmi na ciki da na waje, domin na ciki ya fi saurin ci.

Rubuta iskar taya, zafin mai da saitin shokozoba na kowane zango. In za a sauya wani abu, ɗaya ake sauyawa a fita a ji, shokozoba mai saiti kuma a juya mata saitin danni biyu-biyu daga tsakiya. Kafin ka hau titi da yamma, bari tayoyi su huce ka mayar musu da iskar da littafin mota ya faɗa, ka gwada birki a hankali tun a wurin ajiye motoci.